Otal ɗin Lambert na Cimarron: 'yan bindiga ne suka yi masa suna ko rigimar ƙasa?

Baban Ilham:
Salamu alaikum jama'ar gida. Wani bidiyo ne yake ta yawo tun jiya a kan wani tsohon otal a Amurka, St. James, a wani ɗan gari da ake kira Cimarron a jihar New Mexico. Mai bidiyon ya ce mutum 26 aka kashe a cikinsa, wai mai otal ɗin kukun Shugaba Lincoln ne, wai kuma akwai ɗakin da har yau ba a ba kowa saboda fatalwa. Masana tarihin gidan nan, wanne ne gaskiya, wanne ne ƙarin gishiri?

Malam Na Tarihi:
Wa alaikumus salam Baban Ilham. Otal ɗin gaskiya ne, yana nan tsaye. Wani Bafaranshe mai suna Henri Lambert ne ya kafa shi a 1872. Sana'arsa girki. Zinariya ce ta kai shi yankin, domin a 1866 aka gano ta a Dutsen Baldy, nan da nan gari ya tashi a gindin dutsen, Elizabethtown. Lambert ya je da niyyar haƙa, ya lura cewa kuɗin ya fi sauƙin fitowa daga aljihun mahaƙa a kan daga rami, sai ya koma wa tukunyarsa. Da Elizabethtown ta fara sanyi ya gangaro Cimarron ya buɗe mashaya da wurin cin abinci. Mutane "wajen Lambert" kawai suke cewa. Ɗakunan kwana sai a 1880 aka ƙara su, sunan St. James ma daga baya ya zo.

Bai zaɓi Cimarron a banza ba. Garin yana kan hanyar fatake ta Santa Fe, wadda William Becknell ya buɗe a 1821 daga Missouri, tafiyar kusan mil 900. Hanyar ta rabu biyu: akwai gajeriya ta cikin fako wadda ba ruwa, akwai ta duwatsu da ke bi ta mashigar Raton. Ta duwatsun ce take ratsa Cimarron, kuma ita kekunan dokin fasinja da na wasiƙu suke bi. Sannan a wannan shekarar ta 1872 aka ɗauke hedikwatar gundumar Colfax daga Elizabethtown aka kawo ta Cimarron. Inda kotu ta sauka, lauyoyi da masu ƙara da shaidu da 'yan kallo duk sai sun ci sun sha sun kwana.

Tsohon Kaboyi:
Malam, ka bar mu da kotu, ka kai mu wajen harbi! Mu da muka tashi muna cin kuɗin tara a sinima don kallon fim ɗin kaboyi, wannan ai gidanmu ne. Mutum ya turo ƙofa da ƙafa, mai kiɗa ya tsaya, kowa ya shige ƙarƙashin tebur. Ashe akwai inda aka yi shi da gaske.

Na Texas:
Baba Kaboyi, akwai kuwa, na shiga da ƙafata. Ina jan tirela, Raton hanyata ce, daga can zuwa Cimarron bai kai tafiyar awa ɗaya ba. Garin ƙarami ne ƙwarai, mutanensa ba su fi dubu ba. In kana kan babban titi ba za ka ga otal ɗin ba, sai ka tsallaka ɗan kogin zuwa tsohon gari. Ginin bene ne na ƙasa, bango mai kauri. Inda ake cin abinci yanzu nan ce tsohuwar mashayar, kuma kowa ya shiga sama yake fara kallo kafin ya kalli farantinsa. Silin ɗin na kwano ne mai zanen fulawa, ga hudojin harsashi nan birjik, ashirin da wani abu. Wasu a tsakiyar zanen, wasu a gefe, bakin hudar ya lanƙwashe ciki. Benen kuwa katako ne mai ƙara, kana taka shi yana amsawa. Ɗakunan tsohon ginin ba talabijin, kowace ƙofa da sunan wani a jiki: Jesse James, Buffalo Bill, Wyatt Earp.

Tsohon Kaboyi:
Allahu Akbar! Jesse James da kansa!

Ɗan Damagaram:
Baba, yi haƙuri zan zuba maka ruwan sanyi. Otal ɗin yana cewa Jesse James, shahararren ɗan fashin nan, ɗaki na 14 yake sauka kullum, da sunan aro na Howard. To mu yi lissafi. Malam ya ce ɗakuna a 1880 aka yi su. Jesse James an harbe shi a gidansa a St. Joseph, Missouri, a watan Afrilu na 1882. Mutumin da ake nema ruwa a jallo, harkarsa galibi tana Missouri da Tennessee, yaushe ya samu sukunin zama ɗan gida a otal ɗin da ke ɗaruruwan mil daga can, cikin shekara biyu? Kuma in da sunan aro ya sa hannu, wa ya tabbatar shi ne? Howard nawa ne a Amurka?

Na Annie Oakley, gwanar harbin nan, ya fi ba ni dariya. Ana cewa a otal ɗin ta haɗu da Buffalo Bill suka tsara wasansu na kaboyi. Matar nan 'yar Ohio ce, kuma Buffalo Bill ya fara wasan nasa tun 1883, ita sai 1885 ta shiga. Yaya za ta tsara abin da ta tarar ana yi?

Na Texas:
Ɗan'uwa, kai ma kada ka wuce gona da iri. Garin nan kan hanya yake. Duk wanda ya taso daga Kansas ko Colorado zai yi kudu a wancan zamani, akwai yiwuwar ya bi ta nan, kuma wuraren kwana na kirki ba su da yawa. Don an ƙara gishiri a labarin mutum biyu ba ya nufin babu wanda ya kwana. Buffalo Bill dai iyalan Lambert sun riƙe shi a matsayin aminin gidansu.

Ɗan Damagaram:
Ban ce babu wanda ya kwana ba, Yaya. Cewa na yi sunan da ke jikin ƙofa talla ce. Hatta hudojin da ka gani, ka tambayi kanka na yaushe ne. Labarin da su kansu suke bayarwa shi ne a 1901 'ya'yan Lambert suna gyaran rufi suka ƙirga hudoji sama da 400, kuma katako mai kauri ninki biyu ne ya hana harsashi cimma masu barci a sama. Silin ɗin kwanon bayan wannan gyara aka sa shi. Ke nan hudojin da baƙi suke ɗauka a hoto ba na zamanin 'yan bindiga irin su Clay Allison ba ne, na 'yan baya ne da suka bugu suka harbi sama.

Baban Ilham:
To maganar kukun Lincoln fa?

Malam Na Tarihi:
Wannan labarin iyali ne, haka ake ba da shi: wai ya yi wa Janar Grant girki lokacin yaƙin basasa, Grant ya kai shi fadar shugaban ƙasa. Ka riƙe shi a matsayin abin da gidan suke faɗa game da kakansu.

Amma ni abin da yake damuna da irin bidiyon nan ba ƙarin gishirin ba ne. Sun ɗauki kashe-kashen sun mai da su faɗan mashaya, kamar mutane ne kawai masu zafin kai suka sha suka harbi juna. Mafi shahara cikin kisan da aka yi a wajen Lambert na rigimar ƙasa ne, kuma in ba ka san rigimar ba, ba ka san otal ɗin ba.

Ga yadda abin yake. A 1841, lokacin yankin yana hannun Meziko, gwamna Manuel Armijo ya ba mutum biyu, Carlos Beaubien da Guadalupe Miranda, kyautar ƙasa. Amurka ta ci yankin da yaƙi, yarjejeniyar 1848 ta ce za a mutunta irin waɗannan takardu. Surukin Beaubien, Lucien Maxwell, shi ya tattare ƙasar duka a hannunsa, ya gina katafaren gida a Cimarron, ya gina gidan niƙa na dutse a 1864 wanda har yau yana nan. Maxwell irin attajiran nan ne masu buɗaɗɗen hannu, tebur a shimfiɗe, kowa ya zo ya ci. Manoma da makiyaya da mahaƙa suna zaune a ƙasarsa, wasu suna ba shi wani abu daga amfanin gona, wasu ko oho, bai cika matsa wa kowa ba.

A 1870 ya sayar. Ƙasar ta koma hannun kamfani, da kuɗin Turawan Ingila, daga baya na Holan. Kamfani kuwa ba ya san gaisuwa. Suka ce duk wanda ke zaune ko ya biya ko ya tashi. Mazauna suka ce ai ƙasar gwamnati ce, domin dokar Meziko ta ƙayyade abin da za a ba mutum ɗaya, kuma in aka bi ta, rabon mutum biyun bai wuce eka 97,000 ba. Sakataren harkokin cikin gida na Amurka ma haka ya yanke a 1869. Kamfani kuma yana da'awar eka sama da miliyan 1.7, wato kusan murabba'in kilomita 7,000, har cikin Colorado. Ku dubi tazarar.

Maman Sadiq:
Ikon Allah. Daga dubu 97 zuwa miliyan ɗaya da dubu ɗari bakwai? Wa ya ja musu igiyar awon?

Malam Na Tarihi:
Hajiya, waɗanda suka ja ta suna Santa Fe. Akwai wani gungun lauyoyi da alƙalai da 'yan siyasa da ake kira Santa Fe Ring, manyansu su ne Thomas Catron da Stephen Elkins. Kotu tasu, majalisa tasu, gwamna nasu. Wani fasto na cocin Methodist a Cimarron, Franklin Tolby, ya fito fili yana sukar su. Ranar 14 ga Satumba 1875 aka harbe shi ta baya a cikin kwazazzabon Cimarron yana dawowa daga Elizabethtown. Dokinsa da kayansa ba a taɓa ba, kowa ya gane ba fashi ba ne.

Wani faston, Oscar McMains, ya ɗaura ɗamarar gano wanda ya yi. Zargi ya faɗa kan wani Cruz Vega, wanda ya ɗauki wasiƙu ta wannan hanya a ranar. Ƙarshen Oktoba wasu mutane da fuska a rufe suka kama Vega, suka azabtar da shi, ya ambaci sunan wani Manuel Cardenas, da safe aka tarar da gawarsa a rataye jikin turken waya. Ana kyautata zaton Clay Allison ne jagoransu. Ranar 1 ga Nuwamba, Francisco Griego, wanda ake kira Pancho, makusancin Vega, ya tari Allison. Suka shiga wajen Lambert tare kamar za su sha su yi magana. Allison ya harbe shi a ciki. Kwana kaɗan bayan nan aka bindige Cardenas shi ma, ana mai da shi kurkuku daga kotu. Wannan shi ake kira Yaƙin Gundumar Colfax.

Tsohon Kaboyi:
To ai ga shi, Malam! Allison shi ne jarumin fim ɗin. Ya tsaya wa talakawa, ya rama wa fasto.

Maman Sadiq:
Baba, da girmanka. Mutumin da ya jagoranci azabtar da wani har lahira ba tare da shari'a ba shi ne jarumi? In Vega bai yi ba fa? Wanda ake ja da igiya a wuya ai ko sunan uwarsa aka ce ya faɗa a matsayin mai kisa zai faɗa.

Ɗan Damagaram:
Kuma ku lura da sunayen waɗanda suka mutu: Vega, Griego, Cardenas. Duk masu jin Sifaniyanci ne, 'yan ƙasa tun kafin Amurka ta zo. Waɗanda ake zargin sun ba da kwangilar kisan kuwa, masu kwat da taye, ba wanda ya rataye su. Allison tsohon sojan Kudu ne a yaƙin basasa, daga Tennessee, makiyayin shanu, shi ma ƙasar yake so kada kamfani ya kore shi. Ba don Allah ya yi ba.

Tsohon Kaboyi:
Kun taru a kaina. To yaya ya ƙare, a bakin bindiga?

Na Texas:
Ina! Daga kan amalanke ya faɗo a 1887 kusa da Pecos a nan Texas, ƙafar amalanken ta bi ta kansa. Kabarinsa yana garin.

Tsohon Kaboyi:
Kai! Wannan ko a fim aka sa shi sai 'yan kallo sun nemi a mai da musu kuɗinsu.

Ƙanwar Soja:
Ina ta jira in ga ko wani zai ambaci sojojin nan uku, shiru. A watan Maris na 1876 wani David Crockett, ɗan'uwan shahararren Davy Crockett, abokin Allison kuma, ya harbe sojoji uku baƙaƙen fata na runduna ta 9 ta mahaya a cikin mashayar Lambert ɗin nan. Su ne ake kira Buffalo Soldiers, rundunonin baƙaƙe da aka kafa bayan yaƙin basasa, da yawansu 'yantattun bayi. An turo su yankin ne saboda wannan rigimar ta Colfax. Aka gurfanar da shi, aka sallame shi a kan wai a buge yake, aka ci shi 'yar tara ta ɗaukar makami. Rai uku. Bayan 'yan watanni ya addabi gari da hawan doki cikin shaguna, sai jami'an gunduma suka harbe shi. Wato kashe baƙaƙe uku bai isa laifi ba, damun 'yan kasuwa ne ya isa.

Yaya Na Texas, da ka zaga, ka ga ƙofar da aka sa wa sunan ɗaya daga cikinsu?

Na Texas:
Ƙanwata, a ƙofofin da na duba ban gani ba. Sunayen da ke jan baƙi su na gani.

Ƙanwar Soja:
To ka gani. In an ce "mutum 26" a dunƙule, da su a ciki, sai abin ya zama abin nishaɗi.

Ustaz Abu Maryam:
Ni a kan ɗakin nan zan yi magana, don na ga yara suna ta tura bidiyon. Labarin da suke bayarwa shi ne wani T.J. Wright ya ci otal ɗin a caca, aka harbe shi ta baya, ya ja jiki zuwa ɗaki na 18 ya mutu, shi ne wai ruhinsa ya hana kowa kwana. Har da wai ana jin ƙanshin turaren matar Lambert a baranda. Jama'a, wanda ya mutu ya tafi barzahu, ba ya dawowa ya tsare ɗaki. Aljanu gaskiya ne, suna iya zama a kango, amma mamaci ba ya yawo. Kada mu ɗauko aƙidar wasu mu shigo da ita ta hanyar bidiyo.

Ɗan Damagaram:
Allah ya saka, Ustaz. Ni ko ta fuskar kasuwa na kalle shi, ɗaki ɗaya a kulle ya fi ɗaki ɗaya a buɗe kawo kuɗi. Wanda aka kulle shi yake cika sauran.

Na Texas:
Na tsaya a ƙofarsa. Kwaɗo ne a jiki, shi ke nan. Abin da na ji kawai ƙarar katako, shi ma nauyina ne.

Alhaji Na Kumasi:
Ina gaida mutan gida. Na karanta tun daga sama, kuma ni abin da na gani a labarin nan zango ne. Kakanninmu fataken goro da suke zuwa Gwanja, in sun isa Salaga wajen maigida suke sauka. Shi zai ba su ɗaki, ya ajiye musu kaya, ya nemo mai saye, ya tsaya musu in rigima ta tashi. Bambancin, shi maigida ba kuɗin ɗaki yake ci ba, la'ada yake samu a kan ciniki, shi kuwa Lambert kwano da kwalba da gado yake sayarwa. Amma abin da ke raya su ɗaya ne, hanya. Salaga yaƙin 1892 ya watsa ta, sannan jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, goro ya koma bin teku zuwa Legas ya hau jirgi. Masaukin da ke kan tsohuwar hanya ko bai yi laifin komai ba sai ya bushe. Malam, na tabbata haka ta faru da wannan.

Malam Na Tarihi:
Alhaji, ranka ya daɗe, ka riga ni. Jirgin ƙasa na kamfanin Atchison, Topeka da Santa Fe ya haye mashigar Raton a ƙarshen 1878, ya isa Las Vegas ta New Mexico a 1879, ya kai Santa Fe a 1880. Bai bi ta Cimarron ba, ta gabas ya wuce, ta Springer. Hanyar fatake ta mutu a tsaye. Ba a jima ba hedikwatar gunduma ma ta bi jirgi zuwa Springer, daga can ta koma Raton a 1897. Abin mamakin, a 1880 ɗin nan da hanya ta mutu, a ita Lambert ya zuba kuɗinsa ya gina ɗakuna.

Baban Ilham:
To wannan ai rashin lissafi ne. Kana ganin kasuwa tana watsewa kana kafa rumfa?

Maman Sadiq:
Ba lallai ba. Fatake sun daina wucewa, amma kamfanin ƙasar yana nan, masu kiwon shanu suna nan, masu awo da masu sayen fili suna zuwa. Irin waɗannan baƙi ba sa kwana a ƙasa kusa da dawaki, gado suke so da labule. Ina ganin ya canza irin baƙin da yake nema ne. Kuma mu daina cewa "Lambert ya yi, Lambert ya gina" kamar shi kaɗai ne. Otal mai ɗakuna da yawa, wa yake wanki, wa yake ɗebo ruwa, wa yake goge jinin in an yi harbin? Matarsa da 'ya'yansa a cikin gidan suke zaune, ƙasan su ana harbe-harbe. Matar sai da ta zama fatalwa mai turare sannan aka tuna da ita.

Malam Na Tarihi:
Hajiya ta faɗi gaskiya, kuma tarihin ya goyi bayanta, don iyalin sun riƙe wurin har bayan rasuwar Henri a 1913. Ɗansa Fred ma aikin ɗan sanda ya yi a yankin. Jirgi ya zo Cimarron daga baya, wajen 1906, wani ƙaramin layi, sai sabon gari ya tashi a arewacin kogi. Shi ya sa Na Texas ya ce sai ka tsallaka ruwa kafin ka ga otal ɗin. Garin ne ya matsa ya bar shi.

Ɗan Damagaram:
Malam, akwai inda ban yarda da kai ba. Ka ba da labarin kamar kamfani azzalumi, mazauna kuma bayin Allah. Su mazaunan a ƙasar wa suka zauna? Kafin Armijo ya ɗauki alƙalami, yankin na ƙabilun asalin ƙasar ne, Apache na Jicarilla da kuma Ute. Gidan niƙan Maxwell da ka ambata, babban cinikinsa shi ne sayar wa gwamnati gari da za a raba wa waɗannan mutane a matsayin tallafi, a kan ƙasarsu, bayan an ƙarar musu da naman dajin da suke rayuwa a kai. Ofishin kula da su yana Cimarron har 1876, sannan aka rufe aka kwashe su. Jicarilla sai 1887 suka samu matsuguni a Dulce. Ɓarawo ne ya yi sata, wani ɓarawon ya ƙwace, mai kayan yana gefe yana karɓar mudun gari.

Malam Na Tarihi:
Ban musa ba, kuma 1887 ɗin da ka ambata ita ce shekarar da Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar wa kamfani eka miliyan 1.7 ɗin duka. Amma kada ka haɗa kowa a buhu ɗaya. Manomin da kakansa ya haƙa magudanar ruwa a kwarin tun zamanin Meziko, da makiyayin da ya koro shanu daga Texas jiya, da mai hannun jari da ke zaune a Amsterdam bai taɓa ganin wurin ba, ba nauyinsu ɗaya ba. Na farkon ya rasa gonarsa, na ƙarshen ya samu takarda.

Ɗan Damagaram:
A wajen Ba'apache da aka kora, duk ɗaya ne, Malam.

Ƙanwar Soja:
Har sojojin da nake kare wa ma, in za a faɗi gaskiya, aikin da aka kawo rundunarsu New Mexico ta yi ya haɗa da yaƙar Apache. Wannan ba ya halatta jininsu a mashaya, amma ba zan ɓoye shi ba.

Baban Ilham:
To me ya hana ginin rushewa, tunda hanya ta mutu, kotu ta tashi?

Na Texas:
Ya sha wuya, ya yi ta canza hannu, akwai lokacin da ya zama kusan kango kafin a gyara shi a sake buɗewa a shekarun 1980. Abin da ke riƙe garin yanzu 'yan sikawut ne. Wani attajirin mai, Waite Phillips, ya sayi wani yanki na tsohuwar ƙasar Maxwell, ya ba ƙungiyar sikawut ta Amurka kyauta a 1938, ya ƙara a 1941. Shi ne Philmont, 'yan mil kaɗan kudu da otal ɗin, titin ma ta ƙofarsa yake wucewa. Duk bazara dubban yara da iyayensu suke zuwa hawan duwatsu. In sun sauko da yunwa, ga wurin cin abinci mai hudojin harsashi a sama.

Maman Sadiq:
Ni tambayata ɗaya ta rage. Shi faston da aka fara kashewa, an taɓa hukunta wani a kan jininsa?

Malam Na Tarihi:
Ba a taɓa ba, Hajiya. Mutum biyun da za su iya faɗin wanda ya aike su, Vega da Cardenas, an rufe musu baki kafin shari'a ta yi nisa. Gwamna Samuel Axtell ma a 1876 ya sa hannu aka ɗauke shari'un Colfax aka kai Taos, bayan duwatsu, inda mutanen Cimarron suke ganin masu taya alƙali hukunci a aljihun Ring suke. Koke ya yi yawa har Washington ta turo mai bincike, Frank Angel, aka sauke Axtell a 1878 aka naɗa Lew Wallace. Wanda ya tsaya gaban alƙali a kan wannan jerin kisa shi ne McMains, faston da ya tayar da binciken, a kan mutuwar Vega. An same shi da laifi mai sauƙi aka ci shi tara, daga baya aka kori ƙarar. Ya ci gaba da kai takardun koke Washington a madadin mazauna har bayan hukuncin Kotun Ƙoli, kuma a 1888 an sake zubar da jini a Stonewall ta Colorado lokacin da kamfani ya zo tayar da mutane.

Tsohon Kaboyi:
Catron ɗin fa, shi da ya ja igiyar awo?

Malam Na Tarihi:
Da New Mexico ta zama jiha a 1912, yana cikin sanatocinta biyu na farko.